Harsashi 9, Faranti 28: Abin da Na Koya a Filin Gasar Harbi

Agogon da ake auna lokaci da shi a gasar harbi bai wuce tafin hannu ba, kuma da ji yake aiki. Alƙalin fili zai riƙe shi a bayan mai harbi, ya tambaye shi ko ya shirya, sannan cikin sakan 1 zuwa 4 agogon ya yi ƙara. Daga nan duk tashin bindiga sai ya ajiye lokacinsa, har kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, kuma harbin ƙarshe shi ne lokacin mutum. Sa'ad da nake karatu a Hangari, ranakun Asabar nakan je aikin sa kai a wani filin harbi da ke bayan gari: in tayar da farantan ƙarfe da aka kayar, in tsince kwanson harsashi. Da aka saba da ni sai aka riƙa ba ni takardar maki, ina rubuta abin da alƙali ya faɗa. Tsakanin takardar nan da agogon nan na koyi kusan duk abin da na sani game da wannan wasa.

Wannan daban yake da harbin da ake gani a Olamfik, inda mutum ke tsaye wuri guda da harsashi ɗaya ko biyu yana jiran a cillo masa farantin yumɓu. Wasan da nake magana a kai na IPSC ne, ƙungiyar duniya mai kula da gasar harbin da ake haɗa saiti da sauri, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Misuri ta Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Ɓangaren bindigar farauta, wanda shi ne zancena a nan, ya samu gasar duniya tasa ta farko a 2012, a birnin Debrecen na Hangari, sai Italiya a 2015, Faransa a 2018, Tailan a 2023. Ana shirya fili zango-zango, da shingaye da tagogi da lunguna, mutum ya bi yana harbi yana tafiya. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: makin da ka samu a raba shi da sakan ɗin da ka ɓata. Wanda ya fi kowa a wannan rabo shi ke kwashe cikakken makin zangon, saura a ba su gwargwadon kusancinsu da shi.

Duk baƙon da ya zo kallo, bakin bindiga yake duba, saurin tashinta ke burge shi. Wani dattijo da ya daɗe yana alƙalanci a filin ne ya ce da ni in riƙa duban hannun mai harbi da ɗamararsa, in kuma an gama in karɓi agogon in bi lokutan ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani ke nan: tsakanin harbi da harbi, ga wanda ya ƙware da bindiga mai ɗana kanta, tazarar ba ta kai rabin sakan ba. Sai kuma ka ci karo da wani wawakeken giɓi, sakan biyar, sakan bakwai, inda agogon bai ji komai ba. A cikin waɗannan giɓin ake cin gasa ko a faɗi, domin nan ne ake ɗurin harsashi.

Dalili yana cikin ƙirar bindigar. Yawancinsu harsasai na kwance ne a jere cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin, kuma ta wata 'yar ƙofa da ke ciki ake tura su. A rukunin da ake kira Standard, doka ba ta yarda mutum ya fara da fiye da harsashi 9 ba, alhali dogon zango yana iya buƙatar harbi 28. Ke nan ko bai kuskure ko ɗaya ba, sai ya ɗura 19 agogo na tafiya. Ɗauki mutum biyu. Na farko ya yi ta fama har ya rage kashi 5 cikin ɗari na sakan a kan kowane harbi. A harbi 28 abin da ya tsira da shi sakan 1.4 ne. Na biyu bai taɓa saurin yatsansa ba, amma maimakon ya riƙa tura harsashi ɗai-ɗai, kowanne kusan sakan guda, ya koyi tura huɗu cikin sakan biyu. Ɗurin da ke cinye masa sakan 19 ya dawo wajen 10. Faranti 28 a maki biyar-biyar 140 ke nan. In ka gama a sakan 40, rabonka 3.5, in a sakan 30 ne, ya haura 4.6. Ranar da na yi wannan lissafi a bayan takardar maki na gane dalilin da ya sa manyan 'yan wasa ba su cika zancen yatsa ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya san haka: tashin bindigar ƙiftawar ido ne, zuba albarushi da dannawa ke cin lokaci.

Ɗurin huɗu-huɗu abin kallo ne in ka matso kusa. A ɗamarar mai harbi, ko a ƙirjinsa, akwai maƙalai da ke riƙe harsasai biyu-biyu, kan ɗaya a gindin ɗaya, layi biyu a gefen juna. Hannu zai sauka ya damƙo huɗu a tafi ɗaya, babban yatsa na bayan gindin layin farko. A daidai wannan lokaci ɗaya hannun ya riga ya juya bindigar, ƙofar cikin ta fito fili. Sai ya kwantar da layin farko a kan ƙofar, ya shafa shi gaba da ƙarfi, biyu su shige. Ya ja hannu baya, yatsa ya koma bayan layi na biyu, ya sake shafawa. Abin da za ka ji ƙaras-ƙaras ne sau biyu, kafin ka ankara bindiga ta koma kafaɗa. Hanya biyu ce. Wasu kan ɗora gindin bindigar a saman kafaɗa, hagu na riƙe da gaba, dama na ɗuri. Wasu kan kifa ta, su matse gindin a hammata, dama na nan inda take, hagu ke ɗuri. An sha gardama a gabana kan wadda ta fi, kuma na ga gwanaye a kowane ɓangare. A ganina, wanda ya riƙe ɗaya har ta zama jiki ya fi wanda ke sauyawa duk wata.

Wurin da abin ke ɓaci ɗan ƙanƙani ne. A bakin bututun akwai wani ɗan haƙori da ke tare harsashi kada sifirin da ke cikin bututun ya turo shi waje. In yatsa ya tsaya kafin gindin harsashin ƙarshe ya wuce haƙorin nan, sifirin zai tofo shi, ko ya faɗi ƙasa, ko ya maƙale a ciki ya tsayar da bindigar ɗungurungum. Na ga wani matashi mai zafin nama ya damƙo huɗu, biyu suka shiga, biyu suka watse a cikin tsakuwa, ya kai hannu ɗamara ya tarar abin da ya rage ba zai kai shi ƙarshe ba. Sauri ya haifi nawa. Shi ya sa za ka ga masu bindigogi irin Benelli M2 ko Beretta 1301 sun kai wa maƙeri an faɗaɗa bakin ƙofar an goge kaifinta, wasu har a cike tsagar ƙarfen da ke ɗaga harsashi don kada ta cije musu yatsa. Babban yatsan 'yan wasa da yawa naɗe yake da filasta.

Sai dai saurin hannu rabin magana ne. Darasin da ya fi zauna mini shi ne na waɗanda agogo ba ya nuna musu giɓi ko kaɗan, alhali sun ɗura daidai da kowa. Kafin a fara zango akan ba 'yan wasa 'yan mintoci su zaga filin hannu wofi. Nan za ka ga mutum yana tafe yana nuni da yatsa, leɓe na motsi: shida a wannan taga, ɗura huɗu kan hanyar zuwa lungu, biyar a can, ɗura takwas a doguwar tafiyar nan. Tunda dole ne ya taka daga wuri zuwa wuri, sai ya cusa ɗurin a cikin tafiyar, ya biya kuɗi ɗaya ya sayi abu biyu. Da yawansu bututunsu na ɗaukar 12, don haka agogo na yin ƙara, in akwai taku kafin faranti na farko, tuni sun ƙara. Wanda bai yi wannan shiri ba kuwa, sai ya iso taga da gudu, ya tsaya cak farantai na kallonsa, ya fara lalube a ɗamara. Gudun da ya yi ya tafi a banza. Sau da yawa na rubuta wa dattijo mai furfura, mai tafiya kamar ba ya so, lokacin da ya fi na saurayin da ya tayar da ƙura.

Ƙidaya ita ce ƙashin bayan shirin. Ba a son bindiga ta ƙare ƙaf, domin in ta ƙare sai ta tsaya a buɗe, sai an jefa harsashi ta gefe an rufe kafin a koma ɗuri, aiki ya zama biyu. Saboda tsoron haka wasu ke maƙala harsashi guda a jikin bindigar, dab da tagar da kwanso ke fita, na ko-ta-kwana. Kuskuren harbi ma a nan yake da tsada. In ka bar faranti a tsaye, ka rasa maki 5 ɗinsa, an kuma zaftare maka 10. In ka sake harbi don ka kayar da shi, ka ci harsashin da ka yi wa lissafi a gaba, ƙidayarka ta goce, wataƙila ka ƙare a wurin da ba ka da tafiyar da za ka ɓoye ɗuri. Ɗan jinkirin da mutum zai yi ya daidaita saiti ya fi masa araha nesa ba kusa ba. A gasar Amurka da ake kira bindiga uku, wadda ake harbi da ƙaramar bindiga da doguwa da ta farauta, inda zango ɗaya kan haɗa harsashi mai watsa ƙwayoyi da mai dunƙulalliyar dalma guda, lissafin ya ƙara tsauri, saboda wanda aka tura ƙarshe cikin bututu shi ke fara fitowa, kuma harbin ƙarfe na kusa da dunƙulalliyar dalma laifi ne na kora. A dokar IPSC sai daga mita 40 ake harbin ƙarfe da ita.

Ni ɗan ƙasar da ƙarar bindiga ke nufin makoki ne, kuma ban taɓa shiga filin nan na mance da haka ba. Wataƙila shi ya sa tsananin dokarsu ya kwanta mini a rai. Lokacin ɗuri ne bindiga ke juyawa a hannu, idon mutum na kan ƙofar ciki, ƙafa na tafiya, don haka lokacin ne alƙali ya fi zuba ido. Yatsa dole ya fita daga gidan kunama muddin ana ɗuri. Bakin bindiga kada ya karkace ya wuce iyakar da aka shata, wadda galibi digiri 90 ce hagu da dama. Wanda ya saɓa, an kore shi daga gasar baki ɗaya, ko da shi ke kan gaba, ba roƙo, ba sanayya. Na ga wanda ya yi tafiyar sa'o'i a mota aka tsayar da shi tun zango na biyu. Ya sauke harsasai, ya nuna wa alƙali cikin bindigar, ya sa ta a jaka, ya wuni tare da mu yana tayar da farantai. Ban ji ya yi ƙorafi ba, kuma ya ƙara girma a idona.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin wannan gwaninta ba a filin ake samunta ba. A gida ake yi, da harsasan gwaji marasa albarushi masu nauyin na gaske, bayan an tabbatar babu mai rai ko ɗaya a ɗakin. A sa wa agogo iyaka, a ɗura takwas, a zazzage, a sake, kullum 'yan mintoci. Ba ƙara, ba mai tafi, ba kuɗin harsashi. Ranar gasa dai ana ganin wanda ya yi da wanda bai yi ba tun daga damƙar farko.

Akwai rukunin Open, inda aka yarda da bindigogi irin su Saiga-12 da Vepr-12 masu gidan harsashi na cirewa: a fizge wanda ya ƙare, a danna cikakke, magana ta ƙare. Lokutansu sun fi na kowa kyau a takarda, kuma ba na raina su, don gidan harsashin ma yana da nasa tutsun. Amma in an ba ni zaɓi, wajen 'yan Standard nake tsayawa, musamman masu bindigar ja da hannu irin Benelli Nova ko Remington 870, waɗanda ke da nasu rukunin. Su hannunsu na hagu ne ke ja ya tura bayan kowane harbi, shi ke riƙe nauyin bindigar, a wajen wasu kuma shi ke ɗuri. In na ga ɗayansu ya gama zangon 28 agogo bai nuna wani babban giɓi ba, nakan nemi alƙali ya bar ni in sake bin lokutan kafin ya goge.