Da me zan haɗiye tuwo?

Shekaruna na farko a sashen masu ciwon zuciya, duk wanda likita ya rubuta wa wafarin, maganin hana jini daskarewa a jiki, huɗuba ɗaya nake yi masa: ya daina cin ganye. Na karanta cewa bitamin K da ke cikin alayyafo da sauran ganyayyaki yana rage ƙarfin maganin, sai na ɗauka hani ne mafita.

Wata Inna ce ta gyara mini tunani. Bawul ɗin zuciyarta, wato ƙofar da jini ke bi, ya tsuke sanadiyyar zazzaɓin da ya biyo bayan ciwon maƙogwaro tun tana yarinya, bugun ma ba ya tafiya daidai. Duk wata sai ta yi sammako daga ƙauye don gwajin INR, awon saurin daskarewar jini, wanda muke so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ran nan ta kwance bakin zaninta ta ciro katin asibiti, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kin hana ni miyar kuka, kin hana ni kwaɗon zogale. To da me zan haɗiye tuwo?" Ta rame ƙwarai. Awon kuma bai zauna ba, domin wannan makon ta daure, wancan makon ta rama. Da muka ce ta koma cimarta yadda ta saba, kada dai ta cika yau ta bari gobe, aka daidaita ƙwayar a kan haka, sai awon ya nutsu.

Na so a mayar da ita kan Xarelto, wani maganin hana jini daskarewa, ta huta da zirga-zirga, tunda shi ba ruwansa da ganye ko gwajin wata-wata. Likita ya ce a'a: binciken INVICTUS na 2022 ya nuna masu irin ciwonta sun fi tsira a kan wafarin. Masu bawul na ƙarfe kuwa dama wafarin ne nasu.

Wani Alhaji mai fatauci shi Xarelto ya karɓe shi, ko da azumi yana shan ƙwayarsa da buɗa-baki tunda da abinci ake sha. Amma na ga wanda tsada ta sa yake sha yau ya tsallake gobe, alhali ƙarfin maganin ba ya wuce yini guda a jiki. Wannan ya tayar mini da hankali.

Yanzu kafin in buɗe baki sai na tambaya: daga ina ake zuwa, wa ke sayen maganin, ana zuwa wurin wanzami yin ƙaho, kuma in baya ya riƙe, wace ƙwaya ake karɓowa a kemis, tunda ƙaho da wasu ƙwayoyin ciwo na iya jawo zubar jini ga mai shan waɗannan magunguna.