Namiji da Surar Mace, Mace da Sunan Namiji a Wasannin Intanet

Yawancin wasannin intanet da jama'a ke bugawa tare suna farawa da tambaya ɗaya tun kafin a harba harsashi ko a zare takobi: wace sura kake so ta wakilce ka a cikin wasan, ta namiji ko ta mace? Mai wasa yakan yanke shawara cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya zaɓi launin fata da gashi da tufafi, ya raɗa wa surar suna, sannan ya faɗa fili. Na daɗe ina lura da cewa zaɓin da mutane ke yi ba kullum yake dacewa da jinsinsu na zahiri ba, kuma a ganina namijin da ya ɗauki surar mace da macen da ta ɗauki surar namiji dalilansu sun sha bamban, ko da yake maɓalli ɗaya suka danna. Namiji galibi sha'awa ko dabara ce ke jan shi, ita kuwa mace sau da yawa mafaka take nema.

Wannan ɗabi'a ta girmi wasannin hoto da muke gani a wayoyinmu yau. A shekarar 1978 ne Roy Trubshaw ya fara gina wasan MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi, kuma wasan rubutu ne zalla, babu hoto ko ɗaya. A 1990 Pavel Curtis na cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya ya buɗe LambdaMOO, inda mutum ke rubuta kamanninsa da hannunsa ya kuma zaɓi jinsin da yake so a kira shi da shi. Tun a 1993 wata mai bincike a jami'ar MIT, Amy Bruckman, ta rubuta cewa mazan da suka shiga irin waɗannan wurare da sunan mata sukan sha mamakin yadda ake yi musu caa, wannan ya miƙo taimakon da ba a roƙe shi ba, wancan ya fara zancen soyayya ba gaira ba dalili. Abin da matan wurin suka saba gani kullum, su sai da suka sauya suna suka san da shi.

Da wasanni masu hoto suka zo, irin su Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999 da World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004, sai masu bincike suka sami abin ƙirgawa. Nick Yee, wanda ya kwashe shekaru yana tattara amsoshin dubban 'yan wasa, ya gano cewa maza sun fi mata sauya jinsin sura nesa ba kusa ba, kuma tun da maza ne suka fi yawa a waɗannan wasanni, kaso mai tsoka na surorin mata da ake gani suna yawo maza ne ke juya su. Wani bincike da Rosa Mikeal Martey da Mia Consalvo da abokan aikinsu suka wallafa a 2014 ya bibiyi 'yan wasa 375 a World of Warcraft, ya tarar da kashi 23 cikin ɗari na mazan sun ɗauki surar mace, a matan kuwa kashi 7 ne kacal suka ɗauki ta namiji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken na 2014 shi ne yadda waɗannan maza suka tafiyar da surorinsu. Sun fi zaɓen kyakkyawar fuska da gyaran gashi irin wanda aka saba dangantawa da mata, kuma a rubutun hira sun fi sauran maza amfani da kalaman nuna motsin rai da alamun murmushi. Amma a motsi sai asirinsu ya tonu: sun fi mata yawan tsalle-tsalle, sun fi yawan ja da baya, sun kuma fi tsayawa nesa da taron abokan wasa, daidai yadda sauran maza ke yi. Wato a inda mutum yake sane da kansa, ya kwaikwayi abin da yake zaton shi ne halin mace, a inda yatsunsa ke aiki ba tare da ya yi tunani ba kuwa, yana nan yadda yake. Mace ta cikin tunanin namiji ce ke magana a allon, kuma ina jin wannan kaɗai ya isa ya sa mu rage saurin yanke hukunci kan mutum daga surar da muka gan shi da ita.

Sai dai surar ma tana da nata tasirin a kan mai ita. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford sun nuna cewa mutumin da aka ba doguwar sura yakan fi tsaurin ido wajen cinikin rabon kuɗi fiye da wanda aka ba gajera. A 2011 kuma Yee da abokan aikinsa suka duba wani zancen da ya yi tsatsa a bakin 'yan wasa, cewa mata sun fi son aikin jinya, wato su tsaya a baya suna warkar da waɗanda suka ji rauni a fagen daga. Da suka duba bayanan wasan World of Warcraft sai suka ga mata da maza na zahiri ba su da wani bambanci a wannan aiki. Surorin mata ne suka fi yin jinyar, kuma maza masu riƙe da su suna cikin waɗanda suka ɗaga adadin. Zato ne kawai tun farko, amma da yake kowa ya yarda da shi, sai 'yan wasan suka mayar da shi gaskiya da hannunsu.

In ka tambayi mazan da kansu, amsoshinsu ba su da zurfin da masu sukarsu ke tsammani. Wasu za su ce maka a wasannin da kyamara ke bin sura daga baya, mutum zai shafe sa'o'i yana kallon abin da ya zaɓa, don haka gara ya zaɓi abin da ya yi masa kyau a ido. Wasu za su ce tufafin surorin mata sun fi tsari da launi. A Fortnite 'yan gasa da dama sun yi imanin cewa siririyar sura ba ta tare musu gani kamar ƙatuwa, duk da cewa kamfanin Epic ya sha nanata cewa kayan ado ba sa ba kowa fifiko. A Black Desert na kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu, an ɗaure kowane rukunin mayaƙa da jinsi guda, saboda haka wanda salon faɗan wani rukuni ya burge shi dole ya karɓi jinsin da ya zo da shi. Akwai kuma waɗanda lamarin ya fi haka nauyi a wurinsu, masu amfani da wasan don su gwada wata rayuwa dabam da tasu, amma ba su ne suka fi yawa cikin masu ba da amsa ba.

A unguwarmu, wurin mai cajin waya ne dandalin 'yan Free Fire, wasan kamfanin Garena da ya fito a 2017 kuma ya karɓu saboda ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa. A wasan, da'irar filin faɗa takan riƙa matsewa tana tattara 'yan wasa wuri guda. Bayan la'asar za ka tarar da samari a kan benci, kawuna a sunkuye, kowa da waya a kwance tsakanin hannuwa biyu, igiyar caji tana reto. Wani yaro a cikinsu ba ya rabuwa da Kelly, surar budurwa mai rawayen kaya wadda aka sani da gudu. Abokansa sukan tsokane shi, wani ya ce, "Kai dai ka ji kunya, ƙato da kai kana yawo da mace," shi kuwa ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Bari da'ira ta fara matsewa, za ka ga wanda zai ji kunya." A yi dariya a wuce wurin. Tsokanar ba ta hana shi cin wasa, ba ta bin sa gida, kuma gobe in ya ga dama ya koma surar namiji babu mai tuna masa.

Lamarin mata dabam ne. A wani bincike da Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose na Jami'ar Ohio suka wallafa a 2013, sun shiga wasan Halo 3 suna kunna muryoyin da aka riga aka naɗa, ɗaya ta namiji ɗaya ta mace, suna faɗin kalmomi iri ɗaya marasa tsokana kamar gaisuwa da yabon wasa. Muryar macen ta sami baƙaƙen maganganu kusan ninki uku na abin da ta namijin ta samu. A 2021 kamfanin Lenovo da Reach3 Insights suka tambayi mata 'yan wasa 900 a Amurka da Jamus da Sin, kashi 59 cikin ɗari suka ce sukan ɓoye jinsinsu, ko dai da sunan namiji ko da sunan da ba ya nuna komai, don su kauce wa cin zarafi.

'Yar yayata tana buga Call of Duty Mobile, kuma ta ƙware ƙwarai. Sunan da take amfani da shi na namiji ne, surarta sojan da ya rufe fuska ruf, makirfonta kuma a kashe yake in dai ba da 'yan'uwanta take wasa ba. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Kawu, in na yi magana sau ɗaya wasan ya ƙare. Wannan ya ce ke mace ce, daga wane gari, turo lambarki. Wancan ya ce in koma kicin. In muka faɗi kuma ni ce na jawo." Duk wanda ya taɓa buga wasan tawaga ya san abin da rufe baki yake jawowa, domin murya makami ce: da ita ake cewa ga abokin gaba a bayan mota, ga wani a saman bene, harsashina ya ƙare. Wadda ta yi shiru tana ganin haɗari ya doso abokin wasanta amma sai dai ta danna alama a taswira ta yi fatan ya lura. Ga budurwa Bahaushiya akwai ƙarin nauyi, domin in aka ji muryarta cikin baƙin maza da dare, ko wani ya naɗa ya yaɗa, surutun da zai biyo baya a gida da unguwa ya wuce na wasa.

Labarin wasan Rust ya fito da wannan bambanci fili. A watan Afrilun 2016 kamfanin Facepunch na Garry Newman ya shigar da surorin mata, amma bai ba kowa zaɓi ba: na'ura ce ke raba jinsi kamar ƙuri'a, ta ɗaure shi har abada da asusun mai wasa na Steam, wato dandalin sayen wasannin kwamfuta, kamar yadda ta riga ta yi da launin fata a 2015. Maza da yawa suka wayi gari suka tarar da kansu mata, sai ƙorafi ya ɓarke. Amsar kamfanin ita ce a zahiri babu abin da ya sauya, tun da dama rabin jama'a sun daɗe suna wasa da jinsin da ba nasu ba ba tare da an tambaye su ba. Maza ɗin da ke ɗaukar surar mace da daɗin rai in su suka zaɓa, sun kasa jurewa da aka ɗora musu. Wasu kamfanoni sun bi akasin wannan hanya; Blizzard, wanda a da yake karɓar dala 15 kafin a sauya jinsin sura a World of Warcraft, ya mayar da abin wurin wanzamin cikin wasan a 2020, mai so ya sauya duk lokacin da ya ga dama.

Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza, kuma fatawa kan ko surar wasa ta shiga ƙarƙashinsa aikin malamai ne. Abin da zan iya faɗi a matsayin mai kallo shi ne juya sura ya fi kama da abin da kaka ke yi in tana tatsuniya, ta yi muryar Gizo ta kuma yi ta Ƙoƙi, babu jikan da ya rikice game da wace ce ke magana. Inda na ja layi shi ne ikirari. Saurayin da ya ɗauki surar mace, ya haɗa da sunan mace da hoton wata baiwar Allah da ya kwaso a Instagram, har ya sa manhajar sauya murya, yana karɓar dayamon (kuɗin cikin wasa) da katin waya da data daga hannun wanda ya yaudara, wannan damfara yake yi, kuma da wasan da babu wasan sunanta ke nan. Ba na sa shi a sahu ɗaya da mai Kelly na wurin caji, balle da yarinyar da ta ari sunan namiji don a bar ta ta yi wasanta.

Kamfanonin sun fara taɓa ɓangaren murya, wanda shi ne inda ɓuyar mata ke ƙarewa. Kamfanin Riot ya fara naɗar hirar murya a wasan Valorant a Arewacin Amurka a 2022 da nufin nan gaba ya riƙa bincika ƙorafi, Activision kuma ya shigar da manhajar ToxMod ta kamfanin Modulate cikin manyan wasannin Call of Duty a 2023, tana sauraron hira tana tura abin da ta ga ya wuce gona da iri ga ma'aikata. Da Turanci aka fara, daga baya aka ƙara Sifaniyanci da harshen Fotugal. Zagin da ake yi wa 'yar yayata yawanci da Hausa ne ko da Turancin buroka, a cikin wasan waya, kuma abin da take da shi a hannu shi ne maɓallin toshe mutum da na kai ƙara, waɗanda take dannawa bayan ta riga ta ji abin da aka faɗa.