Shagunan gem uku a laftof ɗaya, kowanne da aikinsa

Kyauta ce ta kai ni Epic Games Store, shagon intanet da ake sayen gem, wato wasannin kwamfuta. A watan Mayu na 2020, lokacin kullen korona, suka saki gem ɗin GTA V kyauta na mako guda, jama'a suka yi wa shagon caa daga ko'ina a duniya har ya tsaya cak na wasu sa'o'i. Kafin nan, kamar yawancinmu a Kano, wurin masu tura fina-finai nake zuwa a zuba min gem a faifan ajiya, ba na tambayar daga ina ya fito. Karɓar GTA V bai ci min ko kwabo ba. Sauke shi ne ya ci kuɗi, don ya kai wajen gigabait 90, sai da na riƙa bin datar dare ina fatan kar a ɗauke wuta. Daga nan na koyi haɗa farashin gem da kuɗin datar da zai cinye kafin in ce yana da araha.

Da na fara bin hirar 'yan gem na Turai da Amurka sai na tarar ana cikin rigima tun kafin in zo. Kamfanin Valve ya buɗe shagonsa na Steam a 2003, kuma a al'ada yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowane gem da aka sayar. Epic ya shigo a Disamba 2018 ya ce shi kashi 12 kawai zai ɗauka, shugabansa Tim Sweeney yana ta nanata cewa ana kwarar masu ƙirƙirar gem. Abin da ya tunzura masu saye shi ne yadda Epic ya riƙa biyan kamfanoni don su kawo gem shagonsa kaɗai. A Janairu 2019 aka janye gem ɗin Metro Exodus daga Steam zuwa Epic saura makonni kaɗan ya fito, bayan mutane sun riga sun biya kuɗin oda a can. Ga shi kuma shagon Epic bai samu kwandon tara sayayya ba sai a Disamba 2021, abin da ya zama abin tsokana. Ni dai a ganina maganar kashi 12 gaskiya ce, amma mai ƙirƙirar gem take amfana. Mai saye ba kasafai yake ganin bambancin a aljihunsa ba, shi ya sa ba ta ja mutane sun yi ƙaura ba.

Abokai ne suka kai ni Steam. Counter-Strike da Dota 2 suke bugawa, duka biyun na Valve ne, kyauta ne, kuma a can kawai ake samunsu. Da na shiga sai wasu abubuwa suka riƙe ni. Sharhin masu saye yana nuna sa'o'in da kowa ya yi yana buga gem ɗin, don haka kana iya bambance wanda ya san abin da yake faɗa da mai huce haushi. A can nake laluben masu ƙaramar na'ura irin tawa, laftof ɗan gwanjo, in ji ko gem ɗin yana tafiya a wurinsu ko yana sarƙewa. In na saya ya ƙi tafiya, akwai damar mayarwa cikin kwana 14 muddin ban wuce sa'a 2 ina bugawa ba. Epic ma yana da irin wannan ƙa'ida.

Babbar ribar da na samu ita ce ta data. Idan abokina ya sauke gem da ni ma na mallaka a asusuna, sai in kwafo fayilolin a faifai, Steam ya duba su, ya sauke ɗan abin da ya rage kawai. Tun 2023 ma kwamfuta biyu da ke kan wayifai ɗaya suna iya tura wa juna kai tsaye. Mu huɗu muka kan yi karo-karo kamar adashe, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa. Biya kuwa wani aiki ne daban. Da bankuna suka rage, wasu ma suka dakatar da sayayyar waje da katin naira a wajen 2022, sai muka koma katin Steam da ake saye a loda kuɗi a asusu da katin dala na intanet, muna jiran rangwamen ƙarshen Yuni da na Disamba.

Shago na uku, GOG, na zo masa a makare, kuma shi na fi ba masu zama inda sabis ba shi da ƙarfi shawara. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Foland, masu The Witcher, suka kafa shi a 2008. Gem ɗinsu ba shi da makullin da ke neman ka hau intanet a tantance ka; kana sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye, ko bayan shekaru ka girka abinka. Na ƙara ganin darajar haka a 2024, lokacin da kamfanin Ubisoft ya rufe sabar gem ɗin The Crew, wato kwamfutocin da gem ɗin ke dogara da su ta intanet, a ƙarshen Maris, waɗanda suka saya suka rasa yadda za su buga, sannan a Oktoba Steam ya fara rubuta wa mai saye ƙarara cewa lasisi, wato izinin bugawa, yake saye, ba gem ɗin kansa ba. Sai dai sababbin manyan gem da yawa ba sa zuwa GOG, tsofaffi ne suka fi yawa, abin da ya dace da na'urata.

Har yanzu duk Alhamis ina leƙa Epic in karɓi kyautar mako, yawancinsu suna nan ban sauke ba. PC Game Pass na Microsoft na gwada na bari. Tsarin yana da kyau ga mai intanet mara iyaka, ka biya na wata ka zaɓi abin da kake so cikin ɗaruruwan gem. Ni datar da zan iya saye a wata ba ta wuce ta babban gem ɗaya ba, kuma kafin in gama shi wani biyan ya zo.