Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyata

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an sallamo ni jiya da la'asar bayan kwana 9 a gadon asibiti, kuma wallahi saƙonnin da na tarar a waya sun fi ƙarfin in bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Da yawa kuna tambaya me ya same ni, har na ji wasu na cewa hawan jini ne ya kayar da ni. A'a, suga ne. Ni kaina ban san ina da shi ba, shekara 44 ban taɓa gwadawa ba. Tun cikin azumi nake fama da ƙishirwa irin wadda ban taɓa ji ba, daga shan ruwa zuwa sahur sai in shanye fiya wata 12 ko fiye, kuma in kwana ina zaryar banɗaki, amma da yake azumin bana, 2022, a Afrilu ya faɗo sai na ce ai zafin Kano ne kowa ma haka yake ji. Wandon sallah da tela ya auna ni kafin azumi ranar idi sai da na ɗaure shi da igiya. Maman yara ce ma ta fara cewa tana ganin kiyashi na taruwa a bakin masai in na fito, na ce mata ke dai kin cika sa ido. Wani kemis ya ce taifod ne ya haɗa min allurai, ni kuma ina ta ɗirkar lemun kwalba wai don in samu ƙarfi, ashe wuta nake ƙara wa fetur.

Kwana 4 bayan sallah na yanke jiki a shago. Da aka kai ni na'urar gwajin ma ƙin nuna lamba ta yi, sai HI kawai ta rubuta, wato sugan ya hau ya wuce abin da take iya aunawa.

Abin da ya ban mamaki, likitar da ta karɓe ni da na farfaɗo tana tambayoyi sai ta ce Malam ka taɓa yin korona? Na ce ƙwarai, Agustan 2021 lokacin da ake maganar nau'in korona na Delta, har gwaji ya tabbatar, sati 3 ba na jin ƙanshin komai, ko daddawa a miyar kuka. Ta ce to akwai binciken da ya fito a watan Maris ɗin nan na 2022 a kan tsoffin sojojin Amurka sama da 180,000 da suka yi cutar, an ga haɗarin kamuwa da suga cikin shekara guda ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Wai ana zaton kumburin da ƙwayar cutar ke tayarwa a jiki yana hana insulin aiki yadda ya kamata, ko ya taɓa gaɓar da ke samar da shi, sannan maganin dexamethasone da ake ba waɗanda korona ta yi wa tsanani shi ma yana ɗaga suga, kuma ni an ba ni. Ta ce ciwon hanta nau'in C ma an daɗe da sanin yana tafiya da suga, shi ma an gwada ni babu.

Har na fara murna na samu wanda zan ɗora wa laifi, sai ta kalli tumbina ta ce mahaifinka fa? Na ce Allah ya jiƙansa da suga ya rasu. Ta yi dariya ta ce to ba za ta iya rantsuwa korona ce ta kawo ba, mai yiwuwa yana nan kwance ne ta zo ta tashe shi, shawararta dai duk wanda ya yi korona mai nauyi ya je a auna masa suga da safe kafin ya karya, in ya kai 7.0 ko 126 a ɗaya ma'aunin to a sake gwadawa a ga likita. Allah ya saka mata, ita da nas-nas ɗin dare da ke tsira min yatsa kusan duk awa ba su taɓa ɗaure fuska ba.

Maman yara ban san me zan ce miki ba, kwana 9 kan tabarma a baranda ga sauro ga goyo. Yaya babba da ya biya kuɗin gado bai ko bari na ji nawa ba ne, maƙwabcina mai adaidaita da ya bar fasinja a hanya ya ɗauke ni, 'yan layinmu na kasuwa da suka yi karo-karo, Malam da jama'ar masallacin unguwa da suka yi ta addu'a, Allah ya biya ku da aljanna.

Yanzu ina kan allurar insulin da metformin, an ce a koma bayan sati 2. Masu zuwa dubiya don Allah a daina kawo lemu da zuma da dabino, yara ne kawai ke shagali, masu turo min maganin gargajiya na warkewa cikin kwana 7 kuma na gode amma likita ta hana. Shago yaro na buɗewa, ni sai Litinin ta sama in Allah ya kai mu.