Asabar a tashar jiragen kamun kifi ta Tema

Ana idar da sallar asuba na ɗauki jakar kayan aiki na bar Nima, na kama trotro, wato bas ɗin haya, zuwa Tema. Alhaji ya sayo batiran lithiyam biyu irin LiFePO4, kowanne amfiya 100, yana so a cire tsofaffin batiran ruwa huɗu masu ba fitilu da rediyon jirginsa wuta. A tunaninsa kwance wancan ne a ɗaura wannan, kafin hantsi an gama.

Ta wani gefen bai yi asarar kuɗi ba. Batirin ruwa in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabin cajinsa, lithiyam kuwa ana shan kashi 80 ko sama da haka bai ji komai ba. Biyun nan sun kusa ɗauke aikin huɗun, ga su ba nauyi. Yaron jirgi da hannu ɗaya ya sauko da guda.

Altaneta, na'urar da inji ke juyawa tana cajin batir, ita ce ta jawo mana dogon zance. Na ce, "Baba Alhaji, ba zan haɗa su kai tsaye da inji ba."

"Don me, ɗana? Ba duka volt 12 ba ne?"

Sai da na zaunar da shi a kan akwatin ƙanƙara. Batirin ruwa yana rage jan wuta da kansa yayin da yake cika. Lithiyam kuwa kamar raƙumin da ya iso rijiya ne, duk abin da altaneta ta bayar zai zuƙe, ita kuma ta yi ta zafi, musamman in inji na tafiya a hankali fankarta ba ta juyawa sosai. Ga kuma BMS, na'urar tsaron da ke cikin batirin. In ta ga caji ya wuce ƙima sai ta katse layi farat ɗaya, kuma in ta katse alhali inji na aiki, wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya ƙona dayod ɗin altaneta. Wannan a tsakiyar teku ba abin wasa ba ne.

Abin da muka tsayar: batirin tayar da inji zai zauna na ruwa, altaneta ta ci gaba da cajinsa, daga shi a sa cajar DC-DC mai amfiya 30 ta riƙa ba lithiyam wuta da awo. Da ya ji za a ƙara sayen wani abu ya ɓata rai, amma bai musa ba.

Tsohuwar cajar da suke jonawa a gaɓa ma na ajiye ta gefe. Lokaci-lokaci tana hawa sama da volt 15 don wanke batirin ruwa, lithiyam kuwa iyakarsa 14.6. Kwantirolan sola ne kaɗai bai ba ni wahala ba, yana da saitin lithiyam, na sa shi a 14.2.

Sauran yinin a kan wayoyi ya ƙare. Iskar gishiri ta cinye kawunansu har sun yi kore, na yanke na sake matsewa, na sa fis kusa da kan batir. Wake da shinkafar da aka kawo mini sai bayan la'asar na ci, ta riga ta huce.

Litinin zan leƙa Zongo Lane neman cajar. Kafin nan na bar layin da ke kai wutar altaneta ga batiran lithiyam a cire, na naɗe shi da tef, na kuma ja wa direban jirgi kunne kada kowa ya mayar da shi.