Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da jikka goma ta kayar da ni

Makon jiya mun tsaya a ranar da na karɓi takardar mastar ta falsafa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Shekara 3 na lisansi, 2 na mastar, duk a Harobanda na cinye su. Kafin in gama, abokaina na fannin tattalin arziki sun yi sitaji bibbiyu a bankuna.

Abin da ya ja ni ga harkar hannun jari, hira ce a fada. Wani ya ba mu labarin George Soros, wanda ya karanta falsafa a Landan wajen Karl Popper, daga baya ya zama hamshaƙin mai kuɗi. Na ce to, ashe hanya a buɗe take. Ba wanda ya gaya mini cewa shi ma sai da ya yi tallan kayan tsaraba, ya yi ta aika wa bankuna wasiƙa, kafin ɗaya ya ɗauke shi a ƙaramin matsayi.

A nan yankinmu aikin ba ya da faɗi. Kasuwar hannun jari guda ce, BRVM, a Abijan, ƙasashe 8 na UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ke tarayya a kanta. Kamfanonin dillanci da ake kira SGI su ke shirya wa gwamnati ko kamfani takardun bashi, su nemo masu saye. Ɗaya daga cikinsu ya kira ni ganawa.

Na aro kwat, na hau kabu-kabu na ƙetare gadar Kennedy, zufa ta jiƙa min wuyan riga tun kafin in isa. Matar da ta karɓe ni ta duba takarduna, ta ɗan daɗe a kan kalmar falsafa. Ba ta yi dariya ba, kuma har yau ina gode mata.

"Malam, takardar bashi ta sefa 10,000, ruwanta 6 bisa 100 a shekara, wa'adinta shekara 5. Gobe sabbi suka fito da 7 bisa 100. Taka ta tashi ko ta faɗi?"

Na fara da cewa sai mun tantance me ake nufi da daraja. Ta ajiye biro. Daga nan na san an gama.

Da dare na buga wa Kawu waya a Tahoua. Shekarunsa 30 yana kai albasar Galmi Abijan, bai taɓa zama a aji ba. Na maimaita masa tambayar.

"Kai ɗan nan! Taka tana haihuwar dala 120, sabuwa dala 140. Wa zai sayi taka jikka goma? Sai ka rage."

Daga baya na lissafa, kusan 9,590 take komawa.

Ban ce falsafa ba ta tsinana mini komai ba. Ita ta koya mini bin dogon rubutu layi-layi har in kamo inda aka ɓoye sharaɗi, kuma wannan ya yi mini rana, za ku ji. Amma a ƙofar shiga ba a tambaye ni ita ba, sai lissafin kuɗi da Excel, kuma shekara biyun nan na mastar sun sa na girmi duk masu neman sitaji.

Kafin mu yi sallama Kawu ya ƙara tambaya: "Wannan ruwan da kake faɗi, babanka ya san aikin da kake nema?"

Bai sani ba. Yadda muka kwashe da Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.