Yadda nake sayayya a intanet ba tare da gani ba

Da kunne nake sayayya. A waya TalkBack ne ke karanta mini allo, yana zuwa ne a cikin wayoyin Android, masu iPhone kuma suna da VoiceOver tun 2009. Ƙa'idarsu kusan ɗaya ce: ka shafa yatsa ɗaya zuwa dama, murya ta faɗi abu na gaba, ka taɓa allo sau biyu da sauri, abin ya buɗe. Gangarawa ƙasa yatsu biyu ne a TalkBack, uku a VoiceOver.

In kayan mai tsada ne, kwamfuta nake komawa. Ina amfani da NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta ta Windows wadda aka fara a 2006, kuma makafi ne 'yan Ostireliya suka gina ta. Harafin H na kai ni kanun shafi, E wurin da ake rubutu, B maɓallai. Da waɗannan ukun nake tsallake tallace-tallace.

Neman kaya ba shi da wahala. Matsalar ita ce muryar ba ta faɗar komai sai abin da maginin shafin ya rubuta. Idan ya sa hoton kwando bai ba shi suna ba, sai ka ji "maɓalli" kawai, ba ka san na sakawa a kwando ba ne ko na gogewa. Launin riga sau da yawa ɗigo ne mai kala, ba rubutu. Irin wannan nakan tura hoton allon zuwa Seeing AI ko Be My Eyes, manhajojin waya masu taimaka wa makafi, su siffanta mini, sannan in karanta sharhin waɗanda suka saya, don a ganina ya fi bayanin mai kanti amfani ga wanda ba ya ganin hoto.

Wurin biya ne ya fi buƙatar natsuwa. Kafin in danna, nakan bi kwandon layi-layi: yawan kaya, girma, adireshi, kuɗin kawowa. Idan intanet na jan jiki, mutum kan sake dannawa yana zaton bai shiga ba, sai kaya ɗaya ya zama biyu. Lambar da banki ke turowa ta saƙo tana mutuwa da wuri, shi ya sa nake kwafe ta in liƙa maimakon in saurara in rubuta. CAPTCHA na hoto kuwa, wato gwajin da shafi ke yi don tabbatar da cewa kai mutum ne, in babu na sauti a gefensa, sai dai in nemi wanda na yarda da shi.

Iyafis dole ne a nan, domin muryar kan karanta lambar kati a fili. Ina kuma rufe allon ya yi baƙi, a VoiceOver taɓawa uku ce da yatsu uku. Masu sa kai na Be My Eyes, waɗanda ake kira ta bidiyo, suna taimakawa ƙwarai wajen karanta kwalin da aka kawo, amma kati da lambar sirri ba na haska musu a kyamara.